Ɗaukar murya a kiran waya da kamfani ko ɗan kasuwa: tambayoyi da amsoshi

A Yamai da Tawa, ciniki da yawa yanzu a waya ake ƙulla shi, a waya kuma ake warware shi. Mai albasa a Galmi ya yi tsada da dillali a Abijan ba su ga juna ba. Mai shago a Katako ya yi odar siminti, aka ce masa mota za ta iso ranar Laraba. Uwar gida ta kira kamfanin tura kuɗi don kuɗin da ɗanta ya aiko sun maƙale, aka ce ta saurara kwana 3. Idan alkawari ya tashi, abin da ake ji shi ne "ni ban faɗi haka ba". Shi ya sa mutane suka koma danna maɓallin ɗaukar murya. Ni ina goyon bayan mutum ya kare haƙƙinsa, amma ra'ayina ɗaya ne a kan wannan batu: ka naɗa, ka kuma gaya wa wanda kake naɗa. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Idan na kira kamfani sai in ji na'ura ta ce ana iya naɗar kiran. Suna da ikon yin haka?

Suna da shi, amma da sharuɗɗa. Muryarka da lambarka da abin da ka faɗa game da asusunka duk bayananka ne, kuma doka ta kare su. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sake ta da doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022. An kuma kafa hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, don sa ido a kan aiki da ita. Ginshiƙin dokar shi ne kada a tattara bayanan mutum a ɓoye: a sanar da shi, a faɗi dalili, kada a yi amfani da su a wata hanya dabam da wadda aka faɗa, kada kuma a ajiye su har abada. Wannan sanarwa da kake ji kafin ma'aikaci ya ɗauka, sauke wannan nauyi ne kamfanin yake yi.

Abin da bai halatta gare su ba shi ne su ce sun naɗa don horar da ma'aikata, sannan su miƙa lambarka da bayananka ga masu talla.

To, tunda su suna naɗa ta, ni ma ba sai in naɗe su ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma hujjar tana da ƙarfi a hankalce: wanda ya sanar da kai cewa yana naɗa ba zai dawo ya ce hirar sirri ce ba. Dokar kare bayanai ma ta ware abin da mutum ya yi don amfanin kansa ko na gidansa, matuƙar ba don ya riƙa rarraba wa wasu ko ya watsa ba ne. Wanda ya ajiye kiran da ya yi da kamfanin waya don ya tuna ranar da aka ce za a mayar masa da kuɗinsa, yana cikin wannan rukuni.

Sai dai sanarwar kamfani izini ce da kamfanin ya nema wa kansa. Matar da ke amsa kira, ita ma mutum ce mai suna da murya, kuma ba ta san kana naɗa ba. Ba abin da zai rage maka idan ka ce: "Malama, ni ma ina ɗaukar wannan magana don kada in manta abin da muka yi." Daƙiƙa 5 ne. Daga nan naɗinka ya fita daga zargi, kuma sau da yawa sai ka ji an ƙara natsuwa wajen ba ka amsa.

Ɗan kasuwa fa? Idan na ce wa Alhaji zan naɗi maganarsa, ba zai ɗauka na maishe shi maƙaryaci ba?

Nan ne wahalar take, ba a doka ba. Kasuwancinmu a kan amana da kunya ya ginu. Mutumin da ya shekara 20 yana ba mahaifinka kaya bashi ba tare da takarda ba, ka ce masa za ka ɗauki muryarsa, yana iya jin ka ci masa fuska. Wannan damuwa ta gaskiya ce, ban raina ta ba.

Maganinta yadda ka jera maganar. Kada ka ɗora abin a kan gaskiyarsa, ɗora shi a kan lissafi. Misali, bayan an gama gaisuwa da tambayar iyali: "Alhaji, lissafin nan yana da yawa, buhu 120 ne ga kuɗin mota ga na 'yan dako. Ka yarda in ɗauki maganar a waya, in tura maka kai ma ka riƙe, don kada wani ya ruɗe?" Kalmar "in tura maka kai ma" ita ce ke kwance zuciya, domin naɗin ya zama na ku biyu, ba makamin mutum ɗaya ba. Idan ya ce "ba komai, ɗana, ɗauka", ka tabbata wannan amsa ta shiga cikin naɗin. Wato ka fara naɗa, ka sake tambaya a taƙaice, ya amsa, sannan ku shiga lissafi.

Kuma a cikin kiran a faɗi abin da zai yi amfani gobe. Mutane da yawa suna da naɗin minti 15 wanda babu komai a ciki sai "kamar yadda muka yi", "wancan kuɗin", "in Allah ya kai mu". Wanda bai san zancen ba ba zai fahimci ko ɗaya ba. Kafin ku yi sallama, maimaita da bakinka: yau ranar kaza ga wata, buhu kaza, kowane buhu jika kaza, an ba da kafin alƙalami kaza, saura kaza, za a sauke kaya a wuri kaza ranar kaza, kuɗin mota a kan wane. Sannan ka ce, "Haka ne, Alhaji?" Wannan "haka ne" ɗin ya fi sauran hirar duka daraja.

Idan ya ƙi?

Ka kashe naɗin. Bayan kun gama, rubuta masa saƙo ko ka yi masa saƙon murya da abin da kuka tsayar, ka roƙe shi ya amsa. Wanda ya ƙi a naɗa, ya ƙi amsa saƙo, ya ƙi rubuta takarda a kan kuɗi masu yawa, ya riga ya gaya maka wani abu game da cinikin.

Kotu tana karɓar muryar da aka naɗa a matsayin hujja?

Ya danganta da irin shari'ar da kuma yadda aka samo naɗin.

A harkar kasuwanci ƙofa a buɗe take. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, mai daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashe 17 na Afirka. Dokarta ta kasuwanci, wadda aka sabunta a Lome a watan Disamba 2010, ta ce a sashe na 5 ana iya tabbatar da cinikin kasuwanci a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da hanyar na'ura. Ke nan a gaban kotun kasuwanci ta Yamai ba dole sai takarda mai tambari ba. Saƙo, rasit, littafin shago, shaidu, murya, duk ana iya gabatar da su, alƙali ya auna.

Amma "kowace hanya" ba ta nufin kowace dabara. Tsarin shari'armu daga na Faransa ya samo asali, kuma lauyoyinmu suna yawan kafa hujja da hukunce-hukuncen can, don haka yana da kyau a san yadda abin ya gudana a wurinsu. A Janairu 2011 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Faransa ta yanke cewa naɗar kiran waya ba da sanin mai magana ba yaudara ce, ba a karɓar ta a shari'ar da ba ta laifi ba. Haka aka tafi har 22 ga Disamba 2023, lokacin da kotun ta sassauta: alƙali na iya karɓar irin wannan hujja idan babu wata hanyar tabbatar da gaskiya sai ita, kuma cutarwar da ta yi wa ɗaya ɓangaren ba ta wuce kima ba. A lura, "na iya" aka ce. Wanda ya naɗa a ɓoye zai fara da kare kansa kafin a saurari abin da ya kawo. Wanda ya nemi izini kuwa, lauyan abokin shari'arsa ba shi da abin kamawa.

Akwai kuma batun musu. Mutum na iya cewa ba muryarsa ba ce, ko an yanke an haɗa, balle yanzu da manhajoji ke kwaikwayon muryar mutum. Saboda haka murya ita kaɗai ba ta cika tsayawa da ƙafarta ba. Tana ƙarfi ne idan ga rasit na tura kuɗi mai ranar da ta dace, ga jerin kira a waya, ga direban da ya ɗauki kayan.

Saƙon murya na WhatsApp da ya turo mini da kansa, shi ma sai na nemi izini?

A'a. Wanda ya danna ya yi magana ya turo ya san maganarsa za ta zauna a wayarka. Kotunan Faransa sun bi wannan hankali, suka karɓi gajeren saƙon waya a 2007, suka karɓi saƙon murya da aka bari a na'urar amsa kira a 2013. Ga 'yan kasuwarmu da yawa waɗanda rubutun boko bai zauna musu ba, wannan ita ce hanya mafi sauƙi kuma mafi tsabta: a gama magana a kira, sannan kowa ya turo odiyo yana faɗin abin da ya ɗauka a kansa. Ka dai kula da saƙonni masu ɓacewa da kansu, da kuma goge saƙo da mai turowa ke iya yi. Abin da ke da muhimmanci, ka adana shi a wani wuri tun ranar.

Kamfani ya cuce ni, ina da naɗin. In saka shi a guruf-guruf na WhatsApp don jama'a su sani?

Don Allah kada ka yi gaggawa. A nan ne mutane suka fi faɗawa rami, ba wajen naɗar ba.

Da zarar ka watsa, ka fita daga inuwar "amfanin kaina" da dokar kare bayanai ta ba ka. Sannan ga dokar yaƙi da laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura, amma a watan Yuni 2024 hukumomi suka mayar da shi: ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Watsa abin da ake ganin zai tada hankalin jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam kuwa, hukuncinsa ya fi haka nauyi. Mutumin da aka ci wa jika 50 yana iya wayar gari shi ne ake tuhuma, saboda kalmar "ɓarayi" da ya rubuta a saman odiyon.

Akwai kuma wanda ba a tunawa da shi. Muryar da za ta zagaya gari ba ta mai kamfani ba ce. Ta yarinyar da ke amsa kira ce, ko ta yaron shago, wanda ba shi ya tsara farashi ba, ba shi ya riƙe kuɗinka ba. Shi za a gane a unguwa, shi za a kora daga aiki. Magana zarar bunu ce, odiyo kuma ya fi ta, don ba ya tsufa.

Hanyar da ta fi kai mutum ga kuɗinsa ita ce ya rubuta ƙorafi ga kamfanin, ya ambaci rana da lokacin kiran da abin da aka yi masa alkawari, ya karɓi shaidar cewa an amshi takardar. Idan kamfanin sadarwa ne kuma bai yi komai ba, akwai hukumar ARCEP mai kula da harkar sadarwa da gidan waya. Idan batun yadda aka yi da bayanansa ne, sai hukumar da ke kula da kare bayanan mutane. Idan kuɗi ne masu kauri, lauya da kotu. A duk waɗannan wurare naɗin da aka ajiye ba a watsa ba ya fi amfani.

Ina kiran kamfanoni a ƙasashen waje. Dokar wace ƙasa ce ke aiki?

Ka ɗauka cewa dokar inda wanda kake kira yake zaune tana iya hawa kanka, musamman idan kana zuwa ƙasar ko kana da dukiya a can. Dokokin kuwa sun sha bamban ƙwarai.

A Amurka dokar tarayya ta wadatu da yardar mutum ɗaya cikin masu magana, wato kai kanka. Jihohi irin su New York da Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa, haka suke bi. Amma Kalifoniya, Fulorida, Fensilbeniya, Washinton da wasu jihohi suna buƙatar yardar kowa. A 2006 kotun ƙolin Kalifoniya ta yanke cewa kamfanin da ke naɗar kiran mazauna jihar daga ofishinsa na Jojiya dole ya bi dokar Kalifoniya, ko da yake a Jojiya yardar mutum ɗaya ta isa. A Faransa, sashe na 226-1 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 1 da tarar yuro 45,000 ga wanda ya naɗi maganar sirri ta wani ba da yardarsa ba. Amma sashen ya ce idan an yi a gabansa, da saninsa, bai hana ba alhali yana iya hanawa, to ana ɗauka ya yarda. A Jamus hukuncin yana kai shekara 3. Masu sarin kaya a Dubai su yi hattara sosai, don Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana ɗaukar naɗar kira ba da izini ba a matsayin laifi, kuma ba ta wasa da batun sirri. A Najeriya, sashe na 37 na tsarin mulki ya ambaci sirrin hirar waya da sunanta, kuma ƙasar ta yi sabuwar dokar kare bayanai a 2023.

Ba wanda zai haddace wannan duka kafin ya kira mai kaya. Jimla ɗaya ta neman izini tana wadatarwa a dukkan ƙasashen nan.

Me ya sa wayata take shelanta cewa ana naɗa, ta wani kuma ba ta yi?

Saboda bambancin dokokin nan ne. Manhajar kira ta Google tana sanar da ɓangarorin biyu. iPhone ba ta da maɓallin naɗar kira sai a ƙarshen 2024, kuma ita ma da sanarwa ta zo. Tun watan Mayu 2022 Google ta toshe hanyar da manhajojin waje ke bi suna naɗar kira, shi ya sa da yawansu suka daina aiki ko suke ɗaukar muryarka kai kaɗai. Wayoyi da yawa na Tecno, Itel da Infinix suna zuwa da nasu maɓallin. WhatsApp ba shi da shi a kiransa.

Ka duba wayarka ko an kunna naɗar kowane kira kai tsaye. Akwai masu yawo da hirarrakin matansu, surukansu da abokansu na shekaru a aljihu ba su ma sani ba, ranar da wayar ta ɓata ko ta je wurin mai gyara sai abin ya zama fitina.

Wani ya kira ni ya ce daga kamfani yake, yana neman lambar sirri ta asusuna. Shi ma sai na nemi izininsa?

Wannan ɗan damfara ne, kamfanin gaskiya ba ya neman lambar sirrinka a waya. Kada ka ba shi komai. Idan ka naɗa, kai wa 'yan sanda ko jandarmomi tare da lambar da ya kira da lokacin kiran, ka kuma sanar da kamfanin da ya yi sojan gona da sunansa. A shari'ar laifi alƙali yana da faɗin hannu wajen duba hujja fiye da shari'ar bashi. Amma ko a nan, hukuma za ka kai wa. Lambar da ka gani tana iya kasancewa an yi rajistarta da takardun wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ina da shago da yara masu amsa waya. Zan iya naɗar kiran abokan ciniki?

Kai yanzu ba "amfanin kai" kake yi ba, sana'a ce, don haka nauyin da ke kan manyan kamfanoni ya hau kanka daidai girmanka. Ka sanar da mai kira tun farko. Ka sanar da yaranka su ma, kada ka yi musu kwanton ɓauna. Ka tsayar da wanda ke da ikon saurare, ka tsayar da lokacin gogewa. Don kwatance, hukumar kare bayanai ta Faransa ta sa wata 6 a matsayin iyaka ga naɗin da aka yi don horo ko auna aikin ma'aikata. Idan abin zai zama tsari na kullum, ka tuntuɓi hukumar da ke kula da kare bayanan mutane a Nijar kafin ka fara, don doka ta ɗora wa masu sarrafa bayanan jama'a wasu matakai a gabanta.

Zan iya neman kamfani ya ba ni naɗin kiran da na yi da su?

Doka ta ba ka haƙƙin sanin bayanan da aka riƙe a kanka da neman a gyara kuskure. Ka nema a rubuce, da rana da sa'a da lambar da ka kira da ita, kuma da wuri, kafin lokacin gogewarsu ya yi.

Idan ba ni cikin kiran fa, misali in sa manhaja a wayar yaron shagona ko abokin haɗin jarina?

Wannan ba ɗaukar murya ba ne, leƙen asiri ne, kuma babu ƙasar da muka ambata da ta yarda da shi ga mutum haka kawai. Ko hukuma sai da aka yi mata doka ta musamman a 2020 kan sauraron sadarwa saboda tsaron ƙasa, kuma dokar ta sha muhawara mai zafi a majalisa. Idan kana zargin ana cin amanarka, ka binciki littafi da kaya, ka kira shaidu.

Me addini ya ce?

Abu biyu ne suke tafiya tare. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, don haka neman hujja a ciniki ba rashin yarda da ɗan'uwa ba ne. A Suratul Hujurat kuma, aya ta 12, an hana bin diddigin sirrin mutane, kuma hadisi ya nuna maganar da mutum ya faɗa maka yana waiwaye amana ce. Rubutun bashi da ayar ta yi umarni da shi a fili ake yin sa, wanda ake bi bashin ma shi ne ke yin shifta. Naɗin da aka yi da sanin juna ya yi kama da wannan. Don hukuncin wani yanayi na musamman, malamin unguwa ya fi ni cancantar amsawa.

Ta yaya zan adana naɗin don ya yi amfani ranar da ake buƙata?

Kada ka taɓa asalin. Kada ka yanke gaisuwa, kada ka cire inda kai ma ka ɗaga murya. Naɗin da aka yi wa aski shi ne farkon abin da lauya zai kai wa hari. Ka bar shi a wayar da ta ɗauka, ka yi kwafi a katin ajiya ko a kwamfuta, ka ɗauki hoton jerin kira da ke nuna lamba da lokaci. A littafinka rubuta rana, sunan wanda kuka yi magana, da lambar ƙorafi idan kamfani ya ba ka. Idan rigimar ta manyan kuɗi ce, akwai ma'aikatan shari'a masu rantsuwa da ake kira huissier a Yamai da Tawa, waɗanda ke saurare su rubuta abin da ke ciki a takardar da kotu ta sani; idan hirar da Hausa ko Zabarmanci aka yi, za a buƙaci fassara zuwa Faransanci, kuma kuɗin wannan aiki a kanka yake. Ranar da ciniki ya ƙare lafiya, kowa ya karɓi haƙƙinsa, lokacin ƙorafi kuma ya wuce, sai ka goge.